Sitikar bizit ɗaya ba ta isa shaida ba: lamarin wata Corolla a Garwa

Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka tsara bisa irin abin da masu duba mota kan ci karo da shi a Garwa da Marwa da Ngaundere. Babu sunan kowa a ciki, alƙaluman motar kuma na misalin ne.

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Garwa yana neman motar gida, wadda za ta riƙa kai yara makaranta, ta kuma kai shi Ngaundere ko Marwa idan harka ta taso. A shekarar 2024 dillali ya kawo masa Toyota Corolla ƙirar 2008, mai shan fetur, giyar hannu, fara fes. Lambarta ta fara da NO, wato rajistar yankin Arewa. Agogon kilomita na nuna 142,000. An sa mata sefa miliyan 3 da dubu 800. A gilashin gaba akwai sitikar bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, da sauran wata takwas kafin ta ƙare, kuma da ita dillalin ya buɗe ciniki: "Alhaji, ga bizit nan sabuwa. Na'ura ma ta gwada ta, ta ce lafiya lau."

Alhajin ya kai ta wurin bakanikensa. Bakaniken bai fara da buɗe bonet ba. Ya dubi sitikar, ya dubi dillalin, ya ce: "Wannan na gani. Ina tsofaffin?"

Tambayar na da dalili. Bizit teknik gwaji ne na rana ɗaya. Cibiyar da Ma'aikatar Sufuri ta amince da ita takan ɗora mota a kan na'ura ta auna ƙarfin birkin kowace taya, ta auna yadda tayoyin gaba ke jan mota gefe, ta girgiza shakazoba, ta duba saitin fitilu da hayaƙin salansa, sannan mai duba ya shiga rami ya leƙa ƙasan motar. Ba a kwance komai. Ba a auna lafiyar kuloc, ba a buɗe giyabos, ba a neman sanin ko gasket ɗin kan inji ya fara ƙonewa. Don haka ko takardar ta gaskiya ce, iyakar abin da take faɗa shi ne: a wannan rana, waɗannan sassa sun kai mizani. Abin da ke ba da labarin mota shi ne jerin takardun, idan aka shimfiɗa su bi da bi aka karanta abin da ya canza tsakanin wata da wata. Kuma takardar da ake nufi ba sitikar gilashi ba ce, takardar sakamako ce da ake kira PV, mai ɗauke da alƙaluman awo. Mutane da yawa sukan manna sitika su jefar da PV, alhali ita ce mai amfanin.

Mai motar ma'aikaci ne da bai cika shekara da sayenta ba. Da aka matsa, sai ya kawo wani ambulan da aka haɗo masa da motar, wanda ya ce tun da ya karɓa bai taɓa zazzage shi ba. A ciki akwai PV shida har da na yanzu, takardun kwastan na tashar jirgin ruwan Duwala, takardun sayarwa guda biyu, da wata takarda daga Beljiyam mai suna Car-Pass.

Aikin farko shi ne tabbatar da cewa duk takardun nan na wannan motar ne. Tsofaffin PV biyar suna ɗauke da lamba mai farawa da LT, ta yankin Duwala, motar kuwa yanzu NO ce. Lambar mota takan canza, don haka ba da ita ake kamawa ba. Da lambar shasi ake kamawa. Haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinsu, saboda kada su rikice da 1 da 0. Duk takardar da aka ga ɗaya daga waɗannan haruffa uku a lambar shasinta, ko dai kuskuren mai bugawa ne ko aikin hannun wani. Bakaniken ya karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar, yaronsa na bin kart giriz, wato takardar rajistar motar, da yatsa, harafi bayan harafi, sannan suka maimaita da ƙaramin allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa, da takardar kwastan, da kowace PV. Wurin da aka buga lambar ya danganta da samfurin mota: wata a ƙasan kujerar gaba ta dama, a ƙarƙashin wani yanki na kafet, wata a bangon da ya raba inji da cikin mota. Ana shafa wurin da yatsa, a haska shi da tocila daga gefe. Idan an yanko lamba daga wata mota an yi waldarta, za a ji tudun walda a kewaye, ko a ga fentin wurin ya fi na maƙwabtansa sabunta. Farkon lambar ma na da magana: Toyota da aka ƙera a Japan takan fara da JT, ta Turkiyya da NMT, ta Ingila da SB1. A wannan motar komai ya dace. Takardun nata ne, kuma ta biya kwastan.

Sai aka jera su bisa kwanan wata, aka ɗauki farar takarda aka kwafe abu uku daga kowace: rana, kilomita, da rukunin da aka gwada motar a ciki tare da tsawon wa'adin da aka ba ta.

Car-Pass takarda ce da dokar Beljiyam ta wajabta wa mai sayar da tsohuwar mota ya ba mai saye, tun 2006. Tana jera kilomitar da aka rubuta duk lokacin da motar ta shiga gareji ko wurin gwaji a can, kowace da ranarta. Layin ƙarshe a ta wannan Corolla ya ce Oktoba 2016, kilomita 176,400. PV ta farko a Kamaru, ta Mayu 2017, ta ce 121,300. Mota ba ta tafiya da baya a agogo. Tsakanin barin Turai da samun lambar Duwala an share mata kilomita fiye da 55,000, kuma wannan tun kafin mai ita na yanzu ya san da ita.

PV ta 2017 a rukunin motar gida take, wa'adinta wata 12. Amma uku da suka biyo baya, na Maris da Yuni da Satumba 2019, tsakaninsu wata uku-uku ne. A Kamaru motar gida shekara-shekara take zuwa bizit, tasi da motocin ɗaukar fasinja kuwa duk bayan wata uku, manyan motocin kaya duk bayan wata shida. Babu mai motar gida da zai kai kansa bizit sau huɗu a shekara. Kilomitar ma ta faɗi haka: 168,000, sai 181,500, sai 195,200. Wato kusan 13,500 a kowane wata uku, kimanin kilomita 150 kullum, babu hutu. Bakaniken ya tashi ya ɗaga robar da ke zagaye da ƙofar baya, ya kuma ɗaga kafet ɗin but. A ƙarƙashin farin fentin, a lungunan da mai feshi ba ya kaiwa, ga ruwan ɗorawa nan ɓaro-ɓaro, launin tasin Duwala. Hannun ƙofar baya ta dama ya yi sanyi, ƙofar kuma ta ɗan sauka a kan hinjinta, domin ita fasinja ke buɗewa da rufewa wuni guda.

Kilomitar tasi ta fi ta hanya cin mota. Tafiya ce ta cunkoso, giya ɗaya da biyu, taka kuloc a saki, inji na aiki awa da awanni mota na tsaye, agogo kuma ba ya ƙirga wannan.

PV ta biyar ta Disamba 2020 ce, kilomita 251,000. Daga nan shiru har 2024, inda ta shida ta fito da lambar NO, rukunin motar gida, kilomita 139,800. An sake mayar da agogo. Lissafin mai sauƙi ne: 176,400 na Turai, a ƙara 129,700 da takardun Duwala suka nuna tsakanin 2017 da 2020, an sami 306,100. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da motar ta yi, ban da shekara uku da 'yan watanni da babu takardarsu. Robar fedar kuloc da ta cinye har ƙarfe ya leƙo, da sitiyarin da aka naɗe da sabuwar riga, sun fi dacewa da wannan adadi fiye da 142,000.

Inda ya kamata a fi daɗewa shi ne alƙaluman birki, domin nan ne mutane suka fi tsallakewa. PV kan nuna ƙarfin birkin tayar hagu da ta dama a gaba, haka ma a baya, da bambancin da ke tsakaninsu a cikin ɗari. Ana samun bambancin ne idan aka cire ƙarami daga babba, aka raba da babban. A ƙa'idar Turai, bambancin da ya wuce kashi 30 cikin 100 a tayoyi biyu masu layi ɗaya babban aibi ne da ke kayar da mota. A takardun wannan Corolla, bambancin birkin baya ya tafi haka daga Maris 2019: 14, 19, 24, sannan 28 a Disamba 2020. Kowace takarda ita kaɗai ta ci jarrabawa. Sai an haɗa su ake ganin cewa birkin tayar baya ta dama yana mutuwa a hankali kusan shekara biyu, babu wanda ya taɓa shi. Wannan ya nuna halin masu motar a lokacin: ba a gyara sai abu ya tsaya cik. Wanda bai kula da birki ba, da wuya a ce yana canza baƙin mai a kan lokaci.

PV ta 2024 kuwa ta ce bambancin kashi 3 ne, babu aibi ko ɗaya, babba ko ƙarami. Yana yiwuwa an gyara, don haka aka cire tayar aka duba. Farantin birkin baya na hagu yana ƙyalli, alamar takalmin birki na shafarsa. Na dama ya yi tsatsa a daidai inda ya kamata ya yi ƙyalli, kusoshin kalifa kuma, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a kan faranti, da ƙurarsu da tsatsarsu, ba alamar sifana ta hau su a 'yan shekarun nan. Robar da ke kare fistan ɗin kalifa ta yage, ruwa da ƙura sun shiga, fistan ya cije. Birkin da yake haka ba zai ba da kashi 3 a na'ura ba wata huɗu da suka wuce. Ga kuma tayoyin gaba: a gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ɗaya ta ce 2315, wato mako na 23 na 2015, tayar gwanjo ce da ta tsattsage a gefe. Fitilar dama tana haska sama. Duk wannan babu shi a takardar. Ko dai motar ba ta hau na'ura ba a ranar, ko alƙaluman wata motar aka buga. Sanannen abu ne cewa ana samun irin wannan takarda ta alfarma, kuma mai saye ne ke biyan kuɗinta daga baya. Tsohuwar mota da PV ɗinta ya fito fes babu ko ƙaramin aibi ta fi cancantar a zarge ta fiye da wadda aka rubuta mata uku ko huɗu.

Saura giɓin 2021 zuwa 2023. Giɓi shi kaɗai ba laifi ba ne. Takardu kan ɓace, mota kan zauna a gida idan mai ita ya rasu ana jiran rabon gado, wani kuma yakan yi ta yawo babu bizit. Amma giɓin da aka fito daga cikinsa da sabon fenti, sabuwar lamba da sabon agogo, dole a nemi amsarsa a jikin ƙarfe. Bakaniken ya naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin motar da shi. Ya kama ko'ina sai a fuka-fukin gaba na dama, wato ƙarfen da ke saman taya, da gindin ginshiƙin gilashi, inda ya riƙa zamewa saboda kaurin mastik, abin da ake cike lotsewar mota da shi kafin fenti. Tazarar da ke tsakanin bonet da fuka-fuki ta dama ta fi ta hagu faɗi. A cikin rami aka ga asalin zancen: ƙafar shasi ta dama, wadda ke ɗauke da inji da ƙafar taya, an taɓa miƙe ta da wuta, an yi mata faci da walda, an shafe da baƙin kwalta. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, tazararsu ɗaya. Wannan kuwa doguwa ce mai ƙuraje. Da aka murɗa makulli, fitilun dashbod duk sun kama ban da ta jakar iska. Ƙa'idarta ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam, an cire ƙwanta ne ko an toshe ta. Na'urar kwamfuta da aka jona ta nuna layin jakunkunan gaba biyu a buɗe yake, wato sun taɓa fashewa ba a mayar da su ba.

Alhajin ya riga ya ƙwallafa rai a motar, don haka ya tambaya: "Malam, in an gyara birkin fa, an sa sababbin tayoyi?" Bakaniken ya ce a bari na'ura ta yi magana tukuna. Shawararsa ita ce a sake bizit kafin a biya, a cibiyar da mai saye ya zaɓa, da kuɗin mai saye, kuma shi ko bakanikensa su tsaya su ga motar ta hau na'ura da idonsu. Kuɗin bizit ba komai ba ne idan aka kwatanta da miliyan uku da ɗoriya. Dillalin ya nemi kafin alƙalami na sefa dubu 200 don kada a saki wani mai so. An ba shi, amma a gaban shaidu biyu, da sharaɗi a rubuce cewa idan sabon gwaji ya nuna babban aibi a birki, sitiyari ko shasi, kuɗin zai dawo cif. Wannan sharaɗi ya kamata ya zama al'ada, domin ba a cinikin biri a sama. A fiƙihu ma mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, sai dai karɓo kuɗi bayan sun shiga hannu uku wahala ce da rubutu tun farko ke kawar da ita.

Na'ura ta ba tayar baya ta hagu 150, ta dama 95, bambancin ya kusa kashi 37 cikin 100. Awon jan gefe ya fito da yawa ƙwarai, abin da ya dace da yadda tayar gaba ta dama ta cinye ta ciki kawai. Motar ta faɗi.

A nan ne ake rarrabe aibin da ke rage kuɗi da aibin da ke kashe ciniki, kuma ba daidai ba ne a haɗa su wuri ɗaya. Kilomita 306,000 da tarihin tasi maganar farashi ce. Corolla mai irin wannan tafiya tana iya ci gaba da aiki idan injin bai fara shan mai ba, amma sai a saye ta da kuɗin tsohuwar tasi, a kuma ware na kuloc, shakazoba huɗu, boljoyin, bushin da famfon ruwa. Kalifa, faranti, takalman birki, man birki da tayoyi huɗu aikin wuni ɗaya ne. Ƙafar shasi da aka gasa da wuta kuwa ba ta komawa yadda take. An ƙera ta ne don ta lanƙwashe a tsare ta shanye ƙarfin karo. Wadda aka taɓa miƙewa aka yi wa faci tana iya karyewa a wurin waldar. Saitin taya ba zai zauna ba, za a yi ta cin tayar gaba. Ga kuma babu jakar iska. Alhajin kuwa zai riƙa bin babbar hanya mai lamba 1 da iyalinsa. Ngaundere na sama da mita 1,000 a kan tudun Adamawa, Garwa kuwa a kwarin Binuwai ba ta kai mita 300 ba, kuma a gangaren dutsen da ake kira falez kafin garin Mbe ana sauke babban kaso na wannan tsawo cikin kwana da kwana, tsakanin manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Kusiri da Njamena. Motar da gabanta ya karkace kuma birkinta ke jan gefe ɗaya ba ta da hurumin wannan hanya.

Akwai kuma wani abin da ya fito daga ambulan ɗin wanda shi kaɗai ya isa ya tsayar da biya: sunan da ke kan kart giriz ba na mai sayarwar ba ne. Bai taɓa mayar da ita sunansa ba, kuma ɗaya daga takardun sayarwa biyun babu hatimin hukuma. Kafin a biya kuɗin kowace mota, sai an ga sarƙar ta haɗu tun daga mai sunan da ke kan kart giriz har zuwa wanda ke karɓar kuɗi, kowace takarda da hatiminta da kwafin katin ɗan ƙasa, in ba haka ba canjin suna zai maƙale a ofishin sufuri.

Da motar daga Faransa ta fito, da sai a nemi tarihinta a HistoVec, shafin gwamnatin Faransa na kyauta, wanda ke nuna sauyin masu mota, manyan haɗurran da aka yi wa rajista da kilomitar da aka rubuta a gwaje-gwajen can. Ana buɗe shi da bayanan tsohuwar kart giriz ta Faransa, don haka a nemi kwafinta wurin wanda ya shigo da motar. Motocin Amurka da ke biyowa ta Kwatano da Najeriya kuma agogonsu sau da yawa mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, saboda haka 100,000 a irin wannan agogo kusan kilomita 161,000 ne.

Alhajin ya janye. Dillalin ya yi ta cewa, "Alhaji, a rage maka dubu ɗari biyar mana," amma zancen ya riga ya wuce ragi. An mayar da kafin alƙalamin a gaban shaidun da aka bayar. Mai motar, wanda shi ma a ranar ya fara sanin abin da ya saya, ya karɓi sabuwar PV da kwafin lissafin kilomitar, ya bar motar a garejin don a canza kalifar da tayoyin gaba kafin ya sake hawa da ita titi. Bakaniken ya gaya wa dillalin cewa motar da zai kawo nan gaba ya zo da ita da sassafe, injin a sanyaye ba a tayar ba tun daren jiya, da PV aƙalla uku a jere da kart giriz mai sunan wanda zai sa hannu.